Ma'anar Kalmar Beta-laktames da Yadda Za a Faɗe Ta da Hausa

Gabatarwa

Daga cikin keɓaɓɓun kalmomin kimiyyar likita da ke ba masu fassara wahala akwai sunayen sinadaran da ake kira inzayim. A nan za mu ɗauki guda ɗaya, watau beta-laktames, mu duba asalinsa da ma'anarsa, sa'an nan mu ga hanyar da ta fi dacewa a bi wajen shigo da shi Hausa.

Inzayim da Ɗafa-ƙeyar Sunansa

Inzayim wani sinadari ne, galibi furotin, da mai rai ke ƙerawa don ya gaggauta narkewar wani abu ko sākewarsa, alhali shi kansa bai ƙare ba. Aikinsa ba baƙo ba ne ga Bahaushe. Kalwar da aka dafa aka rufe ta kwana biyu ko uku, bakteriya ne ke zuba mata irin waɗannan sinadarai har ta yi laushi ta zama daddawa. Kalmar kuwa wani Bajamushe, Wilhelm Kühne, ya ƙirƙiro ta a ƙarni na 19 daga Girkanci, ma'anarta "cikin yisti".

A shekarar 1833 wasu Faransawa biyu, Payen da Persoz, suka fitar da wani sinadari daga tsiron sha'ir, suka sa masa suna dayastes. Daga ƙarshen wannan suna aka yanko ɗafa-ƙeyar -es, wadda ta zama ƙa'ida: a ɗauki sunan abin da inzayim ke narkarwa, a liƙa masa ita. Saboda haka da masani ya ji sunan, ya san aikin.

Daga Fenisilines zuwa Beta-laktames

Alexander Fleming ya gano fenisilin a London a 1928. A 1940, tun kafin maganin ya wadata a asibitoci, Edward Abraham da Ernst Chain na Jami'ar Oxford suka ba da labarin wani inzayim na bakteriya mai lalata shi, aka kira shi fenisilines. Ƙarfin fenisilin yana cikin wani ɗan zobe ne na ƙwayar zarra 4, uku na kabon, ɗaya na naitirojin, wanda ake ce wa beta-laktam. Da wannan zobe maganin ke hana bakteriya gina bangon jikinsu har su fashe. Inzayim ɗin kuwa zoben yake karyawa, da ya karye magani ya zama hoto. Da aka lura cewa wasu magunguna ma, irin su sefalosforin, suna da wannan zobe, kuma akwai inzayim masu karya nasu, sai aka faɗaɗa sunan ya koma beta-laktames. Ke nan fenisilines reshe ne, beta-laktames shi ne sunan zuri'a duka.

Sanya suna a wannan fanni ba ƙaramin abu ba ne. Wani iri da aka gano a 2008 a jikin wani majinyaci a Suwidin, wanda ya yi jinya a Indiya, an laƙaba masa sunan birnin New Delhi, aka taƙaita shi NDM-1. A 2010 hukumomin Indiya suka nuna rashin amincewarsu, don ganin sunan ya shafa wa ƙasarsu kashin kaji.

Shigo da Kalmar Hausa

Hanya mafi sauƙi ita ce aro, a rubuta beta-laktames yadda muka yi a nan. Amfaninta shi ne ɗalibi zai gane kalmar duk inda ya tarar da ita. Illarta kuwa, ɗafa-ƙeyar -es ba ta faɗa wa kunnen Bahaushe kome, saboda haka bayanin da ke ƙunshe cikin sunan ya salwanta.

Amma Hausa tana da nata tsarin mai yin wannan aiki, watau harɗaɗɗen suna na aikatau da karɓau, kamar fasa-ƙwauri da hana-salla da share-fage. A kan wannan ƙira muna iya cewa karya-zobe. Ta faɗi aikin, ta kuma faɗi abin da aka yi wa shi, daidai da yadda sunan asali ya yi. Haka kuma asid ɗin kilabulanik, wanda ake haɗawa da amoksisilin a maganin Augmentin don ya toshe wannan inzayim, sai a bayyana shi da cewa makarin karya-zobe ne.

Kammalawa

Muhimmancin wannan ya wuce na nahawu. Sau da yawa akan ji mutum ya ce jikinsa ya saba da magani, shi ya sa ba ya yi masa aiki. A sha'anin waɗannan magunguna ba jiki ne ke sabawa ba, ƙwayar cutar ce ta sami makami, kuma tana iya miƙa shi ga wasu ƙwayoyin, su kuma su kama wanda bai taɓa shan maganin ba. Shan magani barkatai yana kashe raunana, ya bar wa masu makamin fili. Shawararmu ita ce a littattafan manyan makarantu a riƙe kalmar aro tare da ta gida, a rediyo da ɗakin shan magani kuwa a yi amfani da karya-zobe, domin mai sauraro ya san inda matsalar take.