"Sai Gobe" Ta Fi Kura Ɓarna a Garke

'Yan'uwa fatake, a cikinmu babu malalaci. Wanda ya yi asubanci zuwa kasuwar Managil, ya wuni a rana yana ciniki, ya dawo gida yara suka yi masa caa, ba a ce masa rago ba. To me ya sa duk da haka ayyuka ke kwana a hannunmu wata da watanni?

Dalili shi ne, aiki iri biyu ne: mai kuka da marar kuka. Saniya in ta ji ƙishirwa za ta yi kuka, direba zai matsa a biya shi, ranar kasuwa kuma ba ta jiran kowa. Waɗannan muna yin su dole. Amma littafin lissafi, da karɓo bashi, da allurar rigakafi, da takardun yara, ba su da baki. Su ne muke ce wa "sai gobe", su ne kuma ke cin uwar kuɗi.

Mu ɗauki bashi. Yawancin cinikinmu na lamuni ne, kunya kuma kan hana mu tuntuɓar wanda muke bi. A watan Fabrairu na 2021 gwamnati ta karya darajar fam ɗin Sudan, dala ɗaya ta tashi daga fam 55 zuwa wajen 375 a banki. A kasuwa kuwa fam ya riga ya daɗe yana zubewa. Wanda ya bar kuɗin bijimi a hannun wani shekara guda, kuɗin maraƙi ya karɓa. Da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023, ya kuma ci Wad Madani a Disamba, jama'a suka watse. Bashin da ba a rubuta ba, ba shaida, ya bi ruwa. A bari ya huce shi ke kawo rabon wani.

Haka batun lafiyar dabba. A 2007 zazzaɓin nan da sauro ke yaɗawa, wanda Larabawa ke kira hummal wadi, ya ɓulla a Jazira da Sinnar, Saudiyya ta rufe ƙofa ga dabbobin Sudan. Ta sake yin haka a 2019. Wato hanyar Sawakin ko ta Wadi Halfa ba kullum take buɗe ba. Mai takardar likitan dabbobi a hannu shi ke wucewa kafin a rufe. Abinci ma haka: karan dawa da harawa suna araha da kaka, in bazara ta yi kuwa sai mai ƙarfi.

A gida fa? Yaro ya isa jarrabawa, ba takardar haihuwa, ba rakam watani, uba yana kan iyaka. Uwa ta faɗa sau goma, amsa ɗaya ce: "In na dawo."

Ga abin da muka ga yana magani:

Na ɗaya, a yanka wa aiki marar kuka ranarsa, kamar yadda kasuwa ke da tata. Safiya guda a mako, bayan sallar asuba, kafin a kunna waya.

Na biyu, kada a ce "zan gyara lissafi", wannan dutse ne. A ce "yau zan rubuta mutum uku da nake bi, in kira ɗaya."

Na uku, duk bashi a sa masa rana da shaida tun a wurin ciniki, a gaban dillali. Tun ran gini ran zane.

Na huɗu, a raba kaya. Babban ɗa ya riƙe littafi, uwargida ta riƙe takardun yara da kuɗin makaranta. Wannan ba raini ba ne, koyar da sana'a ne.

Na biyar, kafin kowace tafiya a sauke aiki ɗaya na gida. Ba a ɗaura kaya sai an yi shi.

Gobe ta Allah ce, gaskiya ne, shi ya sa ba a jingina mata aikin yau. Allah ya sa albarka a dukiya da zuriya, amin.