Robar da ake yi da masara da rake

Abin da ke sa nono da kindirmo tsami sinadari ne da masana ke kira laktik asid. Wani masani ɗan ƙasar Suwidin, Carl Wilhelm Scheele, shi ya fara tace shi daga madara mai tsami a 1780. Da wannan asid ake yin robar PLA a yau, ba da ɗanyen mai ba.

Daga gona aikin yake farawa. Ana fitar da sitaci daga masara ko rogo a mayar da shi sukari, ko kuma a matse rake. Sai a zuba ƙwayoyin bakteriya cikin manyan tankuna, su cinye sukarin su fitar da asid. Bayan an tace shi an raba shi da ruwa, sai a sa zafi da ɗan sinadarin kuza, ƙwayoyinsa su sarƙe su zama doguwar sarƙa. Daga nan ake samun 'yan dunƙulen roba da masana'antu ke narkawa.

Tun 1932 Wallace Carothers na kamfanin DuPont ya gwada haɗa ta, amma ba ta yi ƙwari ba. Sai a 2002 aka buɗe babbar masana'anta a garin Blair na jihar Nebaraska a Amurka, inda ake amfani da masara. Wata kuma ta fara aiki a Rayong ta ƙasar Tailan a 2018, mai iya fitar da tan 75,000 a shekara daga sukarin rake.

Robar garau take, tana da tauri, amma tana saurin tsagewa, kuma da zafi ya kai wajen digiri 60 sai ta yi laushi. Ana yin kofuna da mazubin abinci da ita. Likitoci ma suna ɗaure karyayyen ƙashi da kusoshinta, waɗanda jiki ke narkarwa a hankali.

Inda gizo ke saƙa shi ne wajen ruɓewa. A masana'antar taki, inda akwai danshi da zafin kusan digiri 58, cikin 'yan watanni take komawa ruwa da iska da taki. Idan kuwa aka yar da ita a kwalbati ko teku, sai ta shekara da shekaru tana nan. In ta gauraya da robar gorar ruwa, tana ɓata aikin masu sake narkawa.

Nijeriya ce kan gaba a duniya wajen noman rogo, don haka kayan aikin yana nan a gida. Amma duk garin da zai karɓi wannan roba sai ya fara tanadar masu ware ta daga shara, da wurin ruɓar da ita.