Me Ya Sa Karatun Bidiyo Yake Buɗewa A Gida Amma Ya Ƙi A Ofis?



Tun daga ranar 15 ga Maris, 2020, da gwamnatin Ghana ta dakatar da taruka saboda korona, har da na masallatai, karatu ta bidiyo ya zauna mana. An buɗe masallatai, amma ɗalibai da yawa daga Sabon Zongo, Nima da Maamobi har yau ta intanet suke bin darasi, musamman ma'aikata a lokacin hutun rana. Koken da muka fi ji daga gare su ɗaya ne: shafin taron ya buɗe a kwamfutar ofis, ga sunayen mahalarta, amma babu muryar malam, babu hoto.

Galibi laifin ba na malam ba ne, ba kuma na kwamfutar ba. Katangar tsaro ce da kamfanoni ke sa wa intanet ɗinsu, wadda masana ke kira fayawol. Aikinta irin na mai gadi ne: ƙofofin da aka ce ya buɗe kaɗai yake buɗewa.

Taron bidiyo a cikin burauza, kamar Google Meet da Jitsi Meet, yana tafiya ne da fasahar WebRTC, wadda Google ya saki a 2011, ta zama tsayayyiyar ƙa'ida a Janairun 2021. Hanya biyu take bi. Shafin kansa yana shigowa ta ƙofa mai lamba 443, wadda kusan kowane ofis ke bari a buɗe. Murya da hoto kuwa sun fi son hanyar UDP, mai sauri, ta wasu ƙofofi daban: Google Meet na amfani da 3478 da 19302 zuwa 19309, Jitsi kuma 10000. Idan an rufe waɗannan, shafi na iya shigowa a bar murya a waje.

Akwai matsala ta biyu. Kwamfutocin ofis duka adireshi ɗaya suke nuna wa duniya, tamkar gidan haya mai ɗakuna ashirin da lamba ɗaya a ƙofa. Don haka ake da sabar STUN, mai gaya wa kwamfuta adireshinta na waje. Idan hakan bai wadatar ba, sai a koma ga sabar TURN, wadda ke zama ɗan aike: ta karɓi murya da hoto ta miƙa wa ɗaya ɓangaren. Idan an saita ta a kan ƙofar 443, sau da yawa tana wucewa, sai dai murya kan ɗan yi jinkiri, hoto ya rage kyau.

To, me ɗalibi zai yi? Da farko ya duba ko ya ba burauza izinin makirufo da kyamara, kuma bai kashe lasifika ba. Sannan ya gwada shiga da datar wayarsa, MTN ce ko Telecel ko AT. Idan ya ji murya a nan, to katangar ofis ce. Sai ya je wurin masu kula da kwamfutocin kamfanin, ya faɗa musu sunan manhajar, ya nemi izini. In sun yarda, sun san ƙofofin da za su buɗe. In sun ƙi, ya yi haƙuri ya bi darasi da wayarsa, ya kashe kyamara, domin murya kaɗai ba ta cin data sosai.

A nan muke jan hankali. Wasu kan sa VPN a kwamfutar ofis a ɓoye don su tsallake katanga. Wannan ba dabara ba ce, cin amana ne. Kamfani bai gina katangar don ya hana mu karatu ba. Dokar Kare Bayanai ta 2012 ta wajabta masa tsare bayanan mutanen da ke hannunsa, kuma ɓaraka ɗaya na iya jawo wa ma'aikaci rasa aikinsa. Neman ilimi ba ya halatta taɓa kayan wani ba da yardarsa ba, haka ma lokacin aikin da ake biyan mutum dominsa.

Masu shirya karatu su ma da nasu nauyin. Wanda ya kafa Jitsi a sabar ƙungiyarsa ya tabbatar ya haɗa da TURN a kan 443, manhajar coturn kyauta ce. A gwada taron daga wani ofis kafin ranar darasi. A kuma riƙa naɗar karatun ana turawa, don wanda katanga ta tare da rana ya saurara bayan Isha'i.

Allah Ya ba mu ilimi mai amfani, Ya sa mu cikin masu riƙon amana. Amin.