Abin da ke kashe “indomin” mota da wuri a arewacin Zamfara

Direbobin da ke zirga-zirga tsakanin Ƙauran Namoda, Shinkafi da Zurmi sun san alamar: mota ta daina jan hanya, tana shan mai fiye da kima. Sau da dama matsalar tana cikin salansa, a na’urar tace hayaƙi da makanikai ke kira “indomi”.

Na’urar na ɗauke da ƙarafa masu daraja irin su filatinam, shi ya sa take da tsada. Abubuwa uku ne suka fi kashe ta: gurɓataccen fetur, lalatattun fulogai da ke barin ɗanyen mai ya ƙone a cikinta, da injin da ke shan baƙin mai.

A Amurka, doka ta wajabta wa kamfanoni ba ta garantin shekara 8 ko mil 80,000. Galibin motocin da ake shigowa da su na hannu sun wuce wannan wa’adi, don haka mai mota ke biyan kuɗin gyara.

Cire ta ba magani ba ne, domin gubar hayaƙin za ta riƙa fita ba tacewa. Gara a canza fulogai kan lokaci, a kuma guji man bumburutu.