Daga Kano Zuwa Jidda: Nisan Yana Nan

 Ran nan a aji na tambayi 'yan matana nisan da ke tsakanin Kano da Jidda. Wata ta ɗaga hannu ta ce ai babu nisa, tunda gwaggonta ta tashi da hantsi, kafin magariba aka ce ta sauka. Wannan amsa ce ta sa na ɗauki alƙalami.

Jama'a, nisa yana nan. Idan jirgi ya miƙe sosai, tsakanin biranen nan biyu kimanin kilomita 3,400 ne, wato wajen mil 2,100. Kamar a yi Kano zuwa Ikko ta sama sau huɗu ke nan. Jirgin fasinja yana cin kilomita 850 ko kusa da haka a awa ɗaya. 'Yan makaranta, ku raba 3,400 da 850, za ku sami awa huɗu. In aka haɗa da tashi da sauka, sai ta kai huɗu da rabi ko biyar.

Kakanninmu a ƙasa suka ci wannan nisa. Su bi ta Borno, su ratsa Chadi, su shiga Sudan, suna tsayawa noma da ƙwadago don neman guzuri, kafin su haye Bahar Maliya. Wasu sun shekara da yawa a hanya, wasu kuma can suka zauna, jikokinsu suna Sudan har yau. Sai a 1925 jirgin sama ya fara sauka a Kano.

To, mene ne amfanin sanin wannan ga uwargida? Na farko, agogon Jidda yana gaba da namu da awa biyu. Jirgin da ya tashi ƙarfe 10 na safe ya yi awa biyar, ƙarfe 5 na yamma zai sauka a agogonsu. Kuma ba kullum ake miƙewa ba. A 2023, da yaƙi ya sa aka rufe sararin samaniyar Sudan, sai da jiragen alhazai suka yi zagaye, tafiya ta ƙaru. Saboda haka in kin ji shiru, kada hankalinki ya tashi.

Na biyu, awa biyar a zaune ba wasa ba ce ga tsohuwa. Da yawa daga iyayenmu sukan ƙi shan ruwa don tsoron bayan gidan jirgi. Ki zaunar da Inna ki yi mata bayani tun a gida: ta sha ruwa, ta riƙa motsa ƙafafu, maganinta kuma ya kasance a jakar hannu. Mai juna biyu ta ga likita tukuna. Ki gaya mata kuma ko an sauka Jidda, da sauran tafiyar mota kusan kilomita 80 kafin Makka.

Allah ya kai su lafiya, ya dawo mana da su lafiya, amin.