Detroit Lions: yaya ake auna mai horarwar da ya gaji ƙungiya a ƙasa?

Da yawa daga cikinmu masu ƴan'uwa a Amurka mun saba da wannan: daga watan Satumba zuwa Fabrairu, in ka buga waya ranar Lahadi, sai ka ji gida ya kaure da ihu, a ce maka ana kallon ƙwallo. To, ba irin tamu ba ce. Tasu mai siffar ƙwai ce, da hannu ake ɗaukarta, ana gudu ana ture juna. Amma gardamar da ake yi a kanta mun san ta sarai: in ƙungiya ta lalace aka kawo sabon mai horarwa, har yaushe za a yi masa haƙuri, kuma da me za a auna aikinsa? Mun ɗauki misalin Dan Campbell na ƙungiyar Detroit Lions domin mu duba.

Wasan a taƙaice

Kowane ɓangare na da mutum 11 a fili. Masu kai hari na da dama huɗu su ci gaba da yadi 10, wato kusan mita 9. In sun kasa, ƙwallo ta koma hannun abokan karawa. Wanda ya kai ta ƙarshen fili ya samu maki 6, wanda ya buga ta da ƙafa ta bi tsakanin sanduna ya samu 3. Babbar gasar ƙasar, NFL, ƙungiyoyi 32 ne, kowace na buga wasa 17 kafin zagayen sili-ɗaya-ƙwale, sai wasan ƙarshe da ake kira Super Bowl.

Abubuwa biyu ne suka bambanta ta da abin da muka sani. Ba a mayar da ƙungiya rukuni na ƙasa komai lalacewarta. Sannan kowace shekara, wajen zaɓen sabbin ƴan wasa daga jami'o'i, wadda ta zo ta ƙarshe ita ke fara zaɓa. Ga kuma iyaka da aka sa wa kuɗin albashi, ta yadda mai kuɗi ba zai saye gwanaye duka ba. Ke nan gyaran ƙungiya a can gini ne, tubali bayan tubali.

Abin da ya tarar

Rabon Lions da kofin ƙasa tun 1957, kuma ba su taɓa zuwa Super Bowl ba. A 2008 wasa 16 suka buga, aka cinye su duka, kuma Campbell na cikin ƴan wasan ƙungiyar a shekarar. Wanda ya riga shi, Matt Patricia, an sallame shi a watan Nuwamban 2020 da nasara 13, rashin nasara 29 da canjaras ɗaya.

A Janairun 2021 mai ƙungiyar, Sheila Ford Hamp, ta gidan masu kamfanin motocin Ford, ta ɗauki Campbell da kwantiragin shekara shida, ta kuma ɗauki Brad Holmes ya riƙe harkar zaɓen ƴan wasa. Suka bayar da babban mai jefa ƙwallonsu, Matthew Stafford, ga Los Angeles Rams, suka karɓi Jared Goff da damar zaɓen matasa uku. Shekara na zagayowa Stafford ya ɗauki kofi da Rams. Kun ga irin maganar da za a sha a gari.

Lissafin shekarar farko ba ya faɗin komai da komai

A 2021 Lions sun ci wasa 3, an ci su 13, canjaras ɗaya. Sai da suka yi wasa 11 ba nasara. In lissafi kaɗai za a bi, ai korarsa ta halatta. Amma mai lura zai tambaya: yaya aka ci su? Baltimore ta doke su 19 da 17 da bugun ƙafa daga yadi 66 a daƙiƙar ƙarshe. Minnesota ma 19 da 17, ita ma a ƙarshen wasa, har Campbell ya zubar da hawaye gaban ƴan jarida. Ƙungiyar da ake sha da ƙyar kafin a kayar da ita daban take da wadda ta sallama tun kafin a tashi. Masu kallon kokowa sun san bambancin wanda aka kayar a kamun farko da wanda sai da aka jiƙe da gumi.

Shin matasan na girma a hannunsa?

Wannan shi ne ma'auni na biyu. An zaɓo Penei Sewell da Amon-Ra St. Brown a 2021, Aidan Hutchinson a 2022, sai Jahmyr Gibbs da Sam LaPorta a 2023. St. Brown ma sai a zagaye na huɗu aka ɗauke shi, ya zama cikin gwanayen cafke ƙwallo na gasar. Goff da Rams ta gaji da shi ya farfaɗo. A nan dai adalci shi ne a raba yabo: Holmes ya zaɓo, Campbell da mataimakansa suka rena. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Yana gyara kuskurensa?

Da harin ƙungiyar ya ƙi tafiya a 2021, Campbell ya karɓi tsara shi da kansa a tsakiyar kaka, daga baya ya damƙa wa Ben Johnson. Duk da haka 2022 ta fara da muni: nasara ɗaya cikin wasa bakwai. A cikin wannan hali mai ƙungiyar ta fito ta ce tana bayansu. Suka ci 8 cikin wasa 10 da suka rage. A 2023 suka ci 12, suka zo na ɗaya a rukuninsu karon farko tun 1993. Ranar 14 ga Janairun 2024 suka doke Rams ɗin Stafford 24 da 23, nasararsu ta farko a zagayen sili-ɗaya-ƙwale cikin shekara 32.

Inda ake saɓani

Campbell mutum ne mai kasada. A dama ta huɗu, inda wasu ke bugawa da ƙafa su tsira da maki 3, shi sau da yawa cewa yake a ci gaba. A wasan neman shiga Super Bowl da San Francisco, Lions na gaba 24 da 7 a hutun rabin lokaci. Bayan an dawo, sau biyu ya ƙi bugun ƙafa, sau biyun kuma ba su samu ba. Aka tashi 34 da 31, San Francisco ta wuce.

Masu suka na cewa maki 6 ya zubar, alhali da 3 aka fi su. Masu kare shi na cewa bugun ba tabbas ne zai shiga ba, kuma wannan kasadar ce ta kawo su wurin tun farko. A ganinmu, shawara ana auna ta ne da abin da mutum ya sani lokacin da ya yanke ta. Amma wanda ya zaɓi kasada dole ya ɗauki nauyinta ranar da ta ƙi.

A 2024 suka ci wasa 15 cikin 17, duk da raunukan da suka yi musu yawa, har Hutchinson ya karye a ƙafa. Sai Washington ta fitar da su 45 da 31 a Janairun 2025. A watan nan manyan mataimakansa biyu suka tafi riƙe nasu ƙungiyoyin: Johnson zuwa Chicago, Aaron Glenn zuwa New York Jets.

Hukuncinmu

A aikin da aka ɗauke shi dominsa, wato tayar da ƙungiyar da ta saba da faɗuwa, Campbell ya ci: daga nasara 3 zuwa 9, zuwa 12, zuwa 15. Kai ta ga kofi kuwa wani aiki ne daban, mai nasa ma'aunin, kuma tafiyar mataimakansa ita ce jarrabawar da ke nuna nawa ne nasa a cikin ginin. Ba a sanin maci tuwo sai miya ta ƙare.

Ƴan'uwanmu da ke can, musamman na jihar Michigan, ku aiko mana da naku ra'ayin: da ku ne a wurinsa a wasan San Francisco, za ku buga da ƙafa ko za ku ci gaba?