Inji Ba Ya Mutuwa Sai Da Dalili

 Ga magana a kan mota, wadda ta shafi aljihun kowa.

Duk wanda ya saba bin hanyar Kano zuwa Daura ta Ɗambatta da Kazaure, ko ya yi sammako ran Lahadi zuwa kasuwar Mai'aduwa, ya sha ganin mota a gefen titi, an ɗaga murfin inji, jama'a sun kewaye ta. Wannan ya ce fulogi ne, wancan ya ce famfon mai ne, wani ya ce a tura. Mai kaya yana tsaye yana duban rana, kasuwa tana ci ba da shi ba. Kafin la'asar an sayi kayan gyara iri uku, alhali kuwa waya ɗaya ce ta kwance. Abin da ya jawo wannan hasara shi ne yanke hukunci kafin a ji shaidu.

Ku sani, injin fetur, wanda ya samo asali daga injin da Nikolaus Otto na Jamus ya ƙera a 1876, yana bukatar abu huɗu: iska, da mai, da matsewa, da tartsatsin wuta a kan lokacinsa. Fistin ya ja iska da mai, ya matse su, fulogi ya kunna, sa'an nan hayaƙi ya fita ta salansa. In inji ya ƙi tashi, lalle ɗaya daga cikin huɗun nan ya ɓace, ko kuwa abin da ke juya injin ya kasa. Waɗannan su ne shaidun, kuma ana kiransu ɗaya bayan ɗaya, a fara da mai sauƙi da araha.

Da farko a tambayi direba: yaya ta mutu? Farat ɗaya, ko ta yi ta fizga tukuna? Ina aka sha mai na ƙarshe? Wane gyara aka yi mata kwanan nan? Mutuwar farat ɗaya ta fi karkata ga wuta, fizga kuwa ga mai.

Na biyu, a murɗa makulli a kasa kunne. In ba a ji kome ba sai ƙas-ƙas, fitilu kuma suka dushe, to, maganar batir ce. A duba kawunansa, ko sun saki ko sun yi farin gishiri, a kankare a ɗaure. Cikakken batir yana nuna bolt 12.6 a ma'auni. In inji yana aiki ya kamata ya haura 13.5 zuwa 14.5, in bai haura ba altaneta ba ta caji, kuma sabon batir ma zai mutu kamar tsohon. In batir lafiya amma inji bai juya ba, sai a koma ga kik da wayoyinsa.

Na uku, in inji yana juyawa amma bai kama ba, a nemi mai. A motocin zamani, da an buɗe makulli akan ji famfo ya yi ɗan gurnani a tanki. In shiru, a duba fiyus kafin a sauke tanki, gama fiyus ƙaramin kuɗi ne. A tuna kuma da ingancin man. A farkon shekarar 2022 an shigo da fetur mai yawan sinadarin methanol cikin Nijeriya, motoci da yawa suka lalace. Haka man galan na bakin hanya, irin wanda ake sha wajen Kwangwalam, yakan zo da ruwa ko yashi ya toshe matata.

Na huɗu, a zare fulogi a karanta bakinsa. Ruwan ƙasa-ƙasa alamar lafiya ce. Baƙin gawayi busasshe yana nuna mai ya yi yawa ko iska ta yi kaɗan. Wanda ya jiƙe da baƙin mai yana nuna ringi ya cinye. A ƙasarmu ta Daura, ƙurar hunturu takan cika matatar iska har inji ya shaƙe, ya riƙa shan mai kamar raƙumi. Matsewa ita ake aunawa daga ƙarshe, domin gyaranta ya fi tsada.

Hayaƙi ma shaida ne. Baƙi, fetur ne bai ƙone sosai ba. Shuɗi, baƙin mai ne ke ƙonewa. Fari mai kauri, ruwan lagireto kuma yana raguwa, gasket ɗin kan inji ya ƙone. Da bazara, sa'ad da zafi ke wuce awo 40, in allurar zafi ta hau a tsaya, kada a buɗe murfin lagireto sai ya huce, gama tafasasshen ruwa ya ƙona fuskoki da yawa. In jar fitilar baƙin mai ta kama a kashe inji nan take, ko da garin yana gani.

Akwai kuma taimako na zamani. Tun 1996 Amurka ta wajabta wa motoci wata kafa mai ramuka 16 kusa da sitiyari, Turai ta bi a 2001 ga motocin fetur. Makaniki yakan jona na'ura a nan ta faɗi lambar ciwo. Amma lambar tana nuna inda ake kuka ne kawai, tilas a bi waya a gwada kafin a sayi kome.

To, ya kai ɗan kasuwa, ba sai ka riƙe sufana ba. Ka tambayi makanikinka abu biyu: me ka gwada, me ka gani? Kada ka yarda a canja abu biyu gaba ɗaya, domin in ta tashi ba ka san wanne ya yi magani ba. Tsohon ƙarfen da aka cire kuma a ba ka shi a hannu. Makaniki na ƙwarai ba ya jin haushin wannan tambaya. Sannu ba ta hana zuwa. Allah ya kai mu kasuwa lafiya, ya komo da mu lafiya.